Shagon gyaran da ya dawo min da injin sharata a Nima

Injin zuƙar ƙura mai batir ne, ƙanena ya aiko min daga Jamus. Da hunturun bana ya shigo Akra sai ya daina ja. Ƙara yake yi kamar da, amma ko ƙwayar shinkafa a kan darduma sai ya bar ta. Na ɗauka batir ne ya mutu, har na fara tanadin kuɗin sabo.

Maƙwabciyata ta nuna min wani ɗan shago a unguwar Nima da ke Akra, kusa da kasuwa. Malamin bai ma taɓa batirin ba tukuna. Ya cire bututun, ya ɗaga shi sama ya leƙa, babu haske ko kaɗan. Da waya ya zaro murfin biron yarana naɗe da gashi. Sannan ya fito da matatar ƙurar, ta yi ja jawur, ta daskare kamar tubali.

"Hajiya, iska ce ba ta samun hanya. Injinki lafiya lau."

Ya yanke zaren da ya nannaɗe buroshin da reza, ya gyara zaman robar bakin kwandon ƙurar. Matatar kuwa ya ce in wanke ta da ruwan sanyi ba sabulu, in bar ta ta bushe awa 24, don in an mayar da ita da danshi motar injin na iya lalacewa.

Wurin da matsatsi, benci ɗaya ne, na daɗe a tsaye. Amma sidi 50 kawai ya karɓa, bai ƙaƙaba min sayen komai ba. Jiya na share falo da injin har ƙarƙashin kujeru.