Qsynth da fiyano: sauti mai kyau, amma sai ka jona wayoyin da kanka

Na yi wata biyu ina aiki da Qsynth, manhajar da ke fitar da sautin kayan kiɗa daga kwamfuta, a kan Ubuntu Studio (wani nau'in Linux na masu aikin sauti), da fiyanon Yamaha mai ramin USB, a ƙaramin sutudiyo a nan Jos. Qsynth kyauta ne, kuma ba ya cin ƙarfin kwamfuta. Sai dai ranar farko yawanci shiru za ka ji, domin hanyoyi biyu ne dole su haɗu: MIDI, wato saƙon wane maɓalli aka danna, da kuma sautin da ke fita zuwa lasifika.

Fara da QjackCtl, manhajar da ake saita JACK da ita, wato tsarin da ke haɗa sauti tsakanin manhajoji da katin sauti. A Setup zaɓi katin sautinka, Sample Rate 48000, Frames 256, Periods 2. Jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da jin sauti zai tsaya wajen kashi 11 cikin 1000 na daƙiƙa, yatsa ba ya jinsa. Katin USB ya fi son Periods 3. In sauti na ƙaras-ƙaras kuma lambar xrun (ƙidayar yankewar sauti) na hawa, ɗaga Frames zuwa 512, ka kuma tabbatar sunanka na kwamfutar na cikin rukunin masu amfani da ake kira audio.

A Qsynth sa MIDI Driver a alsa_seq, Audio Driver a jack, ka loda FluidR3_GM.sf2 da ke /usr/share/sounds/sf2. Ba irin wannan fayil mai ɗauke da muryoyin kayan kiɗa, ba sauti. Qsynth fuska ce kawai, FluidSynth ne injin.

Inda aka fi shan wahala shi ne tagar Graph ta QjackCtl, inda ake jona manhajoji da layuka. MIDI na ALSA (tsarin sautin Linux na asali) da na JACK ba sa ganin juna, ko launinsu daban ne. Fiyano na fitowa a ɓangaren ALSA, don haka ja layi daga gare shi zuwa FLUID Synth, sannan ka ja kunnen hagu da na dama na Qsynth zuwa playback_1 da playback_2, wato mafitar katin sautinka. In manhajarka JACK MIDI kaɗai take ji, kunna a2jmidid -e ya zama gada. Kafin ka zargi Qsynth, duba lambar fiyanon da aseqdump -l, ka buga aseqdump -p da lambar, ka danna maɓalli. In ba rubutun da ya fito, matsalar na waya ce. In wayar MIDI kake amfani da ita maimakon ramin USB na fiyano, mai araha ta kan maƙale sauti ya ƙi tsayawa, kuma a yawancinsu kan da aka rubuta IN a ramin OUT na fiyano yake shiga. Ka kashe Local Control a jikin fiyano don ya daina fitar da nasa sautin, in ba haka ba za ka ji murya biyu. In ganguna ke fita maimakon fiyano, kana tashar MIDI ta 10 ne, wadda ta ganguna ce.

Gurnanin da ke tasowa idan an tada janareta aka jona caja ba laifin manhaja ba ne. Cire cajar ka saurara. Akwatin DI, ƙaramar na'urar da ake sawa a kan wayar sauti, mai maɓallin ground lift na maganinsa.

Fiyano da goge na FluidR3 sun isa a tsara waƙar biki, amma sarewarsa ba ta kama ƙafar ta Yamaha ba, kuma babu kalangu a ciki. Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne layukan da aka ja a Graph na warwarewa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ajiye su a tagar Patchbay ta QjackCtl ka danna Activate, su riƙa haɗa kansu.