Kafin ka saya wa ɗan firamare littafin nahawun Turanci

Da zarar an koma makaranta, za ka ga iyaye a shagunan littattafai na Sabon Gari a Kano riƙe da takardar da makaranta ta bayar. Idan sun gama sayen na dole sai su tambayi mai shago, "Malam, wanne ne zai gyara wa yaron nan Turanci?" Shi kuwa abin da ya fi yawa a kanta shi zai miƙo. Wanda ke son ya zaɓa da kansa, to ya duba darussa biyu kafin ya biya: na adverb, wanda a nahawun Hausa ake kira bayanau, da na preposition, wato ƙananan kalmomin nan irin su in, on, at da under. Kowane littafi yana iya koyar da suna da aikatau. A waɗannan biyun ne asirin marubuci ke tonuwa.

Ɗauki preposition tukuna. Ɗan Bahaushe ba ya shan wuya a na wuri, domin yana da kan, cikin, gaban da ƙarƙashin, kuma kowanne yana da takwaransa a Turanci. Inda yake tuntuɓe shi ne lokaci. Mu muna cewa ranar Litinin, a watan Maris, da ƙarfe bakwai. Bature kuwa ya raba su uku: on Monday, in March, at seven o'clock. Muna cewa bayan ɗaki, mu ce bayan sallah, kalma ɗaya, shi kuma behind daban, after daban. Ga kuma in a car amma on a bus, wanda babu wata hikima da za ta ceci yaro a kansa sai yawan ji da yawan faɗa. Don haka buɗe littafin a nan cikin shago. Idan abin da ka tarar shi ne ma'anar preposition a layi biyu, da jerin kalmomi, da hoton kyanwa a ƙarƙashin tebur, to marubucin ya koyar da abin da yaronka ya riga ya iya, ya tsallake wanda zai kayar da shi.

Gwajin adverb ya ma fi sauƙi. Littattafai da yawa suna gaya wa yaro cewa adverb kalma ce mai ƙarewa da ly, su tsaya nan. Yaron da ya haddace wannan zai ja layi ƙarƙashin friendly da lovely, alhali siffa ne, ya bar fast, well, soon da often suna zaune a jimla bai gan su ba. Nemi hard da hardly. He works hard yabo ne, he hardly works kuwa ana nufin kusan ba ya taɓuka komai. Littafin da ya kawo wannan bambanci, marubucinsa ya san aji.

To, me ke kasuwa?

Littafin aji, irin na Learn Africa, wanda a da ake kira Longman, ko na Macmillan, Evans da University Press, ba zaɓi ba ne, makaranta ce ke yanke hukunci. An tsara su bisa manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, kuma suna haɗa karatun labari da rubutu da nahawu wuri ɗaya. Wannan haɗin shi ne ƙarfinsu, shi ne kuma rauninsu: darasin preposition kan zo ya wuce cikin shafi ɗaya ko biyu, a koma wani abu. Ana buƙatar na biyu da zai tsaya a kan nahawu.

Brighter Grammar na Eckersley da Macaulay, mai littattafai 4, shi ne wanda yawancin masu shago za su fara ambata, kuma iyaye da dama da shi suka yi karatu. Har yanzu ina ganin ƙimarsa ga ɗan aji uku zuwa shida: darussa gajeru, bayani cikin Turanci mai sauƙi, aikin gwaji nan take. Sai dai ya fi ƙarfi wajen sa yaro ya gane sunan kalma fiye da sa shi ya yi magana da ita. Za ka samu yarinya ta nuna maka kowane preposition a shafi ba kuskure, ka tambaye ta yaushe aka haife ta, ta ce in Friday. Kada kuma a sayi huɗun lokaci ɗaya. Ɗan aji uku, littafi na farko ya ishe shi.

Essential Grammar in Use na Raymond Murphy, mai jan bango, bugun Jami'ar Kambirij, shi ne ya fi kowanne tsari a kan in, on da at: bayani da hotuna a shafin hagu, aiki a na dama, kuma akwai bugun da ke ɗauke da amsoshi a baya. Amma ba don ɗan shekara takwas aka rubuta shi ba, misalansa na manya ne, ga tsada. A ganina littafin uwa ne ko uba ko malamin lesin, su karanta darasin su juya misalan zuwa na gida. A kula kada a miƙo maka ɗan'uwansa shuɗi, English Grammar in Use, wanda ya fara fitowa a 1985. Wancan na 'yan sakandare ne da sama.

First Aid in English na Angus Maciver jerin kalmomi ne galibi, na hadda da bita. Shi da littattafan tsofaffin tambayoyin kwaman intaras, jarrabawar da NECO ke shiryawa don shiga makarantun gwamnatin tarayya, suna da amfani a aji shida, lokacin da ake son yaro ya saba da cike gurbi cikin sauri. A ba ɗan aji biyu su kuwa ɓarnar kuɗi ce.

Taswirar bango da katunan hoto arha gare su, kuma ga ɗan nazire ko aji ɗaya sun fi littafi. Amma gaskiya, abin da suke koyarwa, kwano da cokali da tabarma ma suna koyarwa kyauta. Ka ce put the spoon under the mat, ya je ya aikata, sannan shi ma ya ba ka umarni. Adverb ma haka: walk slowly, speak loudly, a tsakar gida. Yara suna son wasan, musamman idan Baba ne aka sa ya yi tafiyar.

Waya kuma fa? Shafin LearnEnglish Kids na British Council kyauta ne, yana da wasanni a kan waɗannan darussa, kuma yaro zai ji lafazi, abin da takarda ba ta bayarwa. Kuɗin data ne farashinsa, da zaman babba a gefe, domin wayar da aka miƙa wa yaro aka juya baya ba a darasi za ta kwana ba. Manhajojin da ke neman kuɗin wata-wata ban ga dalilinsu ba a wannan mataki.

Idan littafi ɗaya aljihu zai ɗauka, ni Brighter Grammar daidai ajin yaron zan ɗauka, a haɗa da wasan tsakar gida. Idan akwai rara, a ƙara jan Murphy don mai koyarwa.

Sai batun jabu, wanda ya cika kasuwa. Saye shi kamar sayen buhun hatsi ne, sai an zura hannu har ƙasa. Kada bango mai sheƙi ya ruɗe ka. Buɗe tsakiya, duba ko rubutun ya dusashe, bi lambobin shafuka ka ga ko an tsallake wasu, ɗaga takardar ka ga ko rubutun baya yana leƙowa. A darasin preposition hoto shi ne rabin bayani, kuma a bugun jabu sau da yawa ba za ka iya bambance ƙwallon da ke cikin akwati da wadda ke bayansa ba. Tambayi farashi a shaguna biyu ko uku. Littafin da farashinsa ya faɗi ƙasa warwas, buɗe shi sau biyu kafin ka ciro kuɗi.