Tsakanin git bundle da fast-export: wanne zai kai tag da sa hannunsa lafiya?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tun da damuwarka ita ce tag ɗinka, wato alamomin da ka sa wa sigogin aikinka a Git (manhajar adana tarihin aiki), su isa wata kwamfuta da sunayensu da sa hannunsu, ka ɗauki git bundle, ka ƙyale fast-export.

Dalilin yana cikin yadda Git ke ajiye tag mai sa hannu. A cikinsa akwai lambar komit (ajiyar sauyi guda a tarihin aiki) ɗin da yake nunawa, da sunan tag ɗin, da sunan wanda ya yi shi da lokacin, da saƙonsa, kuma sa hannun dijital na GPG, ko na SSH da aka fara karɓa daga Git 2.34 a 2021, a kan dukan waɗannan aka yi shi. Ko harafi ɗaya ne ya sauya, sa hannun ya tashi daga aiki. Shi bundle ba ya sake gina komai, yana tattara kome ne yadda yake a cikin fayil guda. Da shi na aika wa wani abokin aikinmu na Tahoua rumbun aiki gaba ɗaya lokacin da intanet ɗinsa ya ƙi jan kaya mai nauyi. Na rubuta git bundle create aiki.bundle --all a nan Yamai, na zuba a USB, direban mota ya kai masa. Da ya yi git clone daga fayil ɗin, ya bi tag ɗin ɗaya bayan ɗaya da git verify-tag, dukansu suka tabbata, har ya kira ni da dare don ya shaida mini. Da ma mabuɗina na fili, wanda da shi ake tabbatar da sa hannuna, yana wurinsa, saboda haka kai ma ka tabbata naka ya riga fayil ɗin isa.

Fast-export kuwa tarihin yake mayarwa rubutu, fast-import ya sake gina shi. Idan ya ci karo da tag mai sa hannu tsayawa yake yi, sai ka zaɓa masa --signed-tags=strip ya cire, ko verbatim ya bari, kuma verbatim ba ya amfanar kowa idan lambar komit ta riga ta sauya. Yana da ranarsa wajen gyaran tarihi ko ƙaura zuwa wani tsarin, iyakarsa ke nan.

Maganar suna, kada ka taɓa shi a hanya. Idan ka sauya sunan da ake gani a waje kawai, tsohon sunan yana nan a cikin tag ɗin, git describe, mai bayyana komit da sunan tag, zai riƙa yi maka gargaɗi. In ya zama dole, ka yi sabon tag ka sake sa hannu, kuma kada sunan ya ƙunshi sarari, ko ~, ^, :, ko ɗigo biyu a jere, kada kuma ya ƙare da .lock.

Abin da ba ka tambaya ba amma ba zan yi shiru a kansa ba shi ne USB ɗin da za ka saya. Akwai masu tebur a kasuwa da ke sayar da na jabu, an rubuta masa babban ma'auni alhali cikinsa ƙarami ne, yana nuna ya karɓi fayil amma ya lalata shi. Ka gwada ainihin girmansa da manhajar f3 ko H2testw kafin ka amince masa. Idan fayil ɗin ya haura giga 4, USB mai tsarin ajiya na FAT32 ba zai ɗauka ba, sai ka mayar da shi tsarin exFAT, sannan ka yi git clone daga kwafin da ke kansa kafin ka miƙa wa direba.