Injin gyaran shinkafa a Kura da ke auna aikinsa kowace sa'a

Daga cikin injinan gyaran shinkafa da ke garin Kura, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, akwai wani matsakaici da 'yan kasuwa suka fara yi wa layi, ko da yake kuɗin aikinsa ya ɗara na maƙwabtansa. Abin da ya bambanta shi shi ne wani allo da ke rataye kusa da sikeli, wanda ake cikewa da alkalami tun safe har a tashi aiki.

Kowace sa'a wani matashi yana ɗiban shinkafa daga buhu biyar da suka fito, ya auna danshinta da ƙaramar na'ura, ya tankaɗe ta a rariya domin ya ware karyayya, sannan ya ɗiga matsakaicin abin da ya samu a kan takardar da aka ja wa layi uku. Na tsakiya shi ne abin da injin ya saba bayarwa, na sama da na ƙasa kuwa iyakoki ne da aka lissafa daga awon da aka tara a baya. Wannan dabara ta Walter Shewhart ce, wanda ya fito da ita a Amurka a 1924, kuma hikimarta ita ce a rabe ɗan bambancin da ba a rasawa tsakanin buhu da buhu daga matsalar da ke da sanadi. Muddin ɗigon yana yawo a tsakanin iyakokin, ba a taɓa saitin injin, domin yawan murɗa shi ba dalili yana ƙara ɓata aiki. Idan ya tsallake layin sama ko na ƙasa, ko kuma ɗigo bakwai ko takwas suka jeru a gefe ɗaya na layin tsakiya, sai a kashe injin a duba.

Na ga an yi hakan a kan shansherar wani dattijo da ta sha rana fiye da kima. Karyayya ta yi ta hauhawa, manajan ya tsayar da aiki ya ce, "Baba, laifin ba na injin ba ne, shanyar ce ta wuce misali," ya nuna masa cewa danshinta ya sauka ƙasa sosai da kashi 14 cikin 100 da ake so. A wani wurin da sai dai a yi ta musu a kan wanda ya ɓata kaya.

Sai dai akwai gyara. Allon ba ya cewa komai a kan tsakuwa da baƙin ƙwaya, alhali su ne abin da mai saye a Dawanau ke fara dubawa idan ya zuba a tafin hannu. Haka kuma ba a ba mai kaya takardar awonsa, wadda da za ta taimaka masa wajen ciniki, kuma matan da ke turara shinkafa, waɗanda a hannunsu yawancin matsalar danshi ke farawa, ba a nuna musu sakamakon. Tsayawar da ake yi tana cin lokaci a ranakun kaka, har mai buhu biyu ko uku ya ƙosa.

Ga wanda zai kai kaya kasuwa da yawa kuma yake son buhunansa su zo iri ɗaya, ƙarin kuɗin ya cancanta. Mai gyaran ta ci a gida zai iya tsayawa a injin unguwarsu.