Rediyo mai hannun juyawa da na saya don ranar da kwamfutoci suka tsaya

Ranar 19 ga Yulin 2024, kuskure a manhajar CrowdStrike, wani kamfanin tsaron kwamfuta, ya tsayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage tiyata. Abin ya tsaya mini a rai: in duk kwamfutoci suka mutu lokaci guda, ina zan ji labari? Shi ya sa na sayi wannan rediyo.

Ba ruwansa da intanet. Kana juya hannunsa, batirin na ɗaukar caji. Yana kama AM, FM da gajeren zango, muryar na fita tar, ga tocila a jikinsa. Na gamsu ƙwarai. Amma hannun roba ne marar ƙwari, sai an lallaɓa shi kada ya karye.