Lome ko Abijan, ga mai hutu a Akara

Hajiya, kin tambaya ko Lome za ki leƙa ko Abijan. Tunda a Akara za ku yi hutun, kuma kwana biyu kacal za ki iya warewa don leƙa maƙwabta, ki tafi Lome. Abijan ki bar ta sai wani jiƙon.

Daga tashar Tudu a Akara za ki hau motar Aflawo, garin bodar Gana da Togo. Tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba, awa uku zuwa huɗu ce idan kun yi sammako kafin hanyar Tema ta cushe. Daɗin Lome shi ne babban birnin Togo a bakin boda yake zaune. Kina gamawa da jami'an shige da fice, ki tako da ƙafarki, to kin shiga gari ke nan: ga teku a hannun dama, ga 'yan acaɓa, waɗanda suke kira zemijan, suna ta miƙo hannu. Da fasfon Najeriya babu zancen biza, ƙasar ECOWAS ce. Sai dai kada ki manta da katin rigakafin shawara na kowa, har yara, don da shi ake tsare mutane.

Ni da gwaggona muka je haɗo kayan lefen ƙanena a babbar kasuwarsu, Asigame. Nan ce kasuwar Nana Benz, matan da suka yi kuɗi da atamfar Holan tun shekarun 1970 har suka riƙa hawa Marsandi, kuma har yau mata ne ke riƙe da harkar. Muna tsaye muna fama da Faransancin da ba mu iya ba, sai wata dattijuwa ta ji muna Hausa, ta ce, "'Ya'yana, daga ina?" Ashe 'yar Zango ce. Ita ta shiga gaba, ta yi mana ciniki rumfa rumfa, ta hana mu taɓa wasu turamen da idonmu ya so, da yamma kuma ta ja mu gidanta a Zangon Agoe aka zubo mana tuwo da miyar kuka. Atamfar da na saya wa kaina ranar har yanzu ina fita biki da ita, ba ta koɗe ba.

Abijan kuwa, ba zan hana ta haƙƙinta ba, gari ne mai kyau, kuma garba, wato acakensu na rogo da soyayyen kifi, ya ciyu. Amma ta fi kilomita 500 daga Akara. Sai kin ratsa Kef Kwas da Takoradi, ki sha layi a bodar Elubo da Nowe, tsakanin Gana da Kwaddibuwa, sannan ki ƙara wata tafiyar. Wuni guda zuwa, wuni guda dawowa, kwana biyun naki sun ƙare a kujerar mota, ga masauki da tsada. Na yi ta, abin da na tsira da shi kumburin ƙafa ne. Jirgi kamar awa ɗaya ne, amma kuɗin tikitin iyali ya ishe ki turame masu yawa.

Ba ki tambaya ba, amma ki ji wannan. A boda kada ki miƙa fasfonki ga duk wanda ba ya cikin ofis da kaki, ko da ya ce taimako zai yi, kuma ki duba da idonki an buga miki hatimin fita da na shiga. 'Yan canjin bakin hanya wasunsu hannunsu ya fi ido sauri: za su ƙirga sefa a gabanki ta cika, su karɓa wai za su sa roba, ta dawo da giɓi. Ki canza kaɗan na acaɓa da ruwa, ki ƙirga da kanki, kada ki sake miƙa wa ɗan canjin. Haka a kasuwa, jabun Holan ya yi yawa, har tambari da lambar gefe ana kwaikwaya. Duk wanda ya tare ki a hanya da turmi a kafaɗa yana cewa Vlisco ce, wato Holan ta asali, rabin kuɗi, ki wuce abinki. Ki shiga shago mai mazauni, ki juya bayan zanen, ki ga ko launin ya ratsa kamar gaban.

Ki kwana ɗaya a Lome, kasuwa da safe, bakin teku da la'asar, washegari ki kamo hanyar Akara kafin azahar. Kuma kada ki sa ranar ta faɗo Lahadi, yawancin shagunan atamfa a rufe suke.