Tarkacen talla a ƙofar gida a Ingila: MPS ko fom ɗin Royal Mail?

'Yan uwa mazauna Ingila sun sha tambayata tsakanin MPS da fom ɗin Royal Mail, wato gidan wayar ƙasar, wanne ya fi maganin takardun tallar da ake turo musu ta ƙofa. Abin na damuna: an sare bishiya, an kashe ruwa da tawada, an ƙona mai wajen rabawa, ga wata cikin leda, ƙarshenta kwandon shara ba a ko buɗe ba.

Dukansu kyauta ne. MPS, wato Mailing Preference Service, rajista ce ta intanet, 'yan mintoci ka gama, tana cire sunanka daga jerin da kamfanoni ke aika wa talla. Sai dai haƙuri, takan ɗauki har wata 4 kafin a ga bambanci sosai, kuma ba ta hana kamfanin da ka taɓa ciniki da shi.

Na Royal Mail fom ne za ka cike ka aika. Yana tsayar da takardun da ba su ɗauke da sunan kowa, waɗanda mai raba wasiƙu ke jefa wa kowane gida. Cikin mako 6 ya fara aiki, amma bayan shekara 2 sai ka sabunta. Haɗarinsa, wata sanarwar ƙaramar hukuma na iya wuce ka, don ba a ware ta daga cikin talla.

Wanda sunansa ke jikin ambulan ɗin, MPS ce tasa. Wanda takardun ragin farashi marasa suna suka cika masa zaure, ya nemi fom ɗin. Mai fama da duka biyun, ya haɗa.